Yadda Ake Gano Satar Layin Wayar Girke da Yadda Ake Toshe Ta

Ko da yake wayar salula ta shiga aljihun kowa, har yanzu a Garwa da Marwa da Ngaundare da ke arewacin Kamaru akwai wuraren da wayar girke ke aiki kullum: kantunan magani, otal-otal, ɗakunan shan magani masu zaman kansu, makarantu, ofisoshin masu fiton kaya, da gidajen da intanet ɗinsu ke zuwa ta igiyar tarho. Yawancin masu waɗannan wurare suna biyan kuɗin wata ba tare da sun taɓa bin igiyar da ido sun ga inda ta bi kafin ta iso teburinsu ba, kuma wannan sakaci shi ne babban jarin ɓarawon layi. Satar layi a yau ba ta buƙatar wata gwaninta ta musamman, haka ma tsare shi. Mai wayar da ya san hanyar igiyarsa, ya san yadda ake karanta takardar kuɗinsa, ya kuma riƙe lambobin sirrin na'urorinsa a hannunsa, ya riga ya rufe mafi yawan ƙofofin da ake shigo masa ta cikinsu.

Kafin a shiga bayanin aikin, ya kamata a san asalin wannan sana'a, domin har yanzu akwai samari masu karanta tsofaffin bayanai a intanet suna zaton wani ɗan akwati mai fitar da sauti zai ba su kira kyauta, akwai kuma masu waya da ke tsoron abin da ya daɗe da mutuwa alhali sun bar abin da ke raye. A Amurka aka fara ta, a zamanin da kamfanin AT&T ke riƙe da mafi yawan wayoyin ƙasar. Injiniyoyin kamfanin sun tsara cewa umarnin da injin wani gari ke aika wa injin wani gari ya riƙa tafiya da sauti, a kan hanyar da muryar mai magana ke bi. Idan babbar igiyar da ke tsakanin garuruwa biyu ba kowa a kanta, sai ta riƙa ɗauke da wani siririn sauti mai girgiza sau 2600 a daƙiƙa, wanda ma'anarsa ita ce hanya a buɗe take. Wajen shekarar 1957 wani yaro makaho mai suna Joe Engressia, wanda Allah ya hore wa kunne mai rarrabe sauti, ya gano cewa idan ya yi fito da bakinsa daidai wannan sauti sai kira ya yanke. Daga baya aka gano cewa wani usur na roba da ake sakawa kyauta a kwalin abincin yara mai suna Cap'n Crunch shi ma yana fitar da sautin, kuma daga nan ne John Draper ya samo laƙabin da aka san shi da shi.

Abin da ke faruwa shi ne injin da ke can nesa yana jin sautin sai ya ɗauka an ajiye waya, ya zauna yana jiran sabuwar lamba, alhali injin garin mai kira, wanda shi ne ke rubuta kuɗi, bai san an canja komai ba. Na'urar da aka haɗa domin aika wa injin nesa sabuwar lambar ita ce aka kira shuɗin akwati. Abin mamaki, mujallar fasaha ta kamfanin da kanta ce ta buga jerin sautukan a 1960, ɗaliban jami'o'i kuma suka same ta a ɗakunan karatu. A watan Oktoba na 1971 mujallar Esquire ta buga dogon labari a kan masu wannan aiki, labarin da ya sa Steve Wozniak ya haɗa nasa akwatin, shi da abokinsa Steve Jobs suka riƙa sayarwa ga ɗalibai, shekaru kaɗan kafin su kafa kamfanin Apple a 1976. An kama Draper a 1972, daga baya ma ya yi zaman kurkuku saboda wannan laifi. Akwai kuma jan akwati mai kwaikwayon ƙarar faɗawar kwabo a wayar bakin titi, da baƙin akwati mai sa injin ya zaci ba a ɗauki waya ba alhali ana cikin hira.

Dukkan waɗannan sun mutu, kuma ga abin da ya kashe shuɗin akwatin. Tun daga 1976 kamfanonin waya suka fara raba hanyar umarni da hanyar murya, aka bi da tsarin da ake kira SS7, wanda a cikinsa injina ke magana da juna ta wata hanya dabam da mai riƙe da kan waya ba shi da ikon jefa mata sauti. Duk wanda ya ce zai sayar maka da na'urar da ke buga ƙasar waje kyauta ta hanyar sauti, kuɗinka kawai yake so. A cikin akwatunan wancan zamani guda ɗaya ne ya rage da rai, shi ne mafi rashin fasaha a cikinsu, wato kan waya na yau da kullum da ake maƙalawa a igiyar wani a wurin da ba a gani, a yi kira da sunansa ko a saurari maganarsa. Ya rayu ne domin raunin da yake cin moriyarsa yana jikin igiyar jan ƙarfen da ke rataye tsakanin falwaya da bangon gidanka, inda babu wani sabon tsarin inji da zai iya kare ta.

Saboda haka aikin farko na ƙafa ne da ido. Ka fara daga soket ɗin da wayarka ke ciki, ka bi igiyar har inda ta fita daga gini, ka ci gaba da binta da kallo har ƙaramin akwatin rarraba layi da ke jikin falwaya ko jikin bangon maƙwabta. Layi ɗaya zare biyu ne kacal na jan ƙarfe, don haka duk wani zare na uku da ya rabu da su ya nufi wani wuri yana buƙatar bayani. Ka lura da inda aka feƙe bawon igiya aka naɗe da salatif, musamman idan salatif ɗin sabo ne a jikin tsohuwar igiyar da rana ta ƙona, ka duba ko murfin akwatin yana rufe ko an ɓalle shi, ka kuma duba wuraren da igiyar ta ratsa ta bayan shago, ta saman katanga, ko ta cikin silin da ya haɗe ɗakuna da yawa. Gine-ginen kasuwa da aka yanka su shago-shago a ƙarƙashin rufi ɗaya sun fi ko'ina haɗari, domin mutum zai iya isa ga igiyar maƙwabcinsa daga cikin nasa shagon ba tare da ya fito waje ba. Haka nan gidan haya da ya taɓa zama ofis yakan kasance da tsofaffin soket a ɗakunan da yanzu wasu ne ke ciki, kuma sau da yawa waɗannan soket ɗin suna nan a haɗe da layin. Ka ɗauki hoton kowane mahaɗi da wayar salularka a ranar da ka tabbatar komai lafiya yake, domin wata uku nan gaba ba za ka tuna yadda naɗin yake ba, hoton kuwa zai nuna maka.

Kada ka hau falwaya, kada kuma ka sa yaron shago ya hau. A unguwanni da yawa igiyar tarho da ta lantarki suna kusa da juna ƙwarai, kuma akwatin da ke saman falwaya mallakar kamfani ne, taɓa shi zai iya mayar da kai mai laifi a maimakon mai ƙara. Iyakarka ita ce inda igiyar ta shigo gininka. Haka kuma ba a taɓa igiyar waya idan hadari ya haɗu, domin tsawa tana bin jan ƙarfe daga nesa.

Aiki na biyu shi ne awo, kuma a nan ne zan ɗan daɗe, domin mutane da yawa suna jin tsoronsa alhali ba wuya gare shi. Wayar girke ta jan ƙarfe ba ta dogara da wutar gidanka, daga babban injin kamfani ake turo mata wuta, shi ya sa take aiki ko an ɗauke lantarki. Idan duk wayoyin da ke kan layi suna ajiye, ƙarfin wutar da ke tsakanin zaren biyu yakan kasance wajen bolt 48. Da zarar an ɗaga kan waya, a ko'ina ne a tsawon layin, sai ya faɗo ƙasa sosai, galibi tsakanin bolt 6 da 12. Wannan faɗuwar ita ce shaidarka. Ka samu multimita irin wadda masu gyaran rediyo da talabijin ke aiki da ita, ka juya ta zuwa awon wutar batir a ma'aunin da ya haura bolt 100, ka ajiye dukkan wayoyinka, sa'an nan ka ɗora tsinkayenta biyu a kan zaren biyu a cikin soket. Ka rubuta abin da ta nuna, da rana da lokaci. Ka sake ɗaga wayarka ka ga yadda adadin ke faɗuwa, domin ka san yadda layinka yake a halayensa biyu. Daga nan sai ka riƙa maimaita awon a lokutan da kake zargi, kamar bayan sallar isha'i, ko da tsakar rana lokacin da ma'aikata suka tafi cin abinci. Idan wayoyinka duka suna ajiye amma mita ta nuna bolt 8 ko 10, ta daɗe a haka na mintoci sa'an nan ta koma 48 da kanta, to wani ne ya ɗaga waya a kan layinka ya gama ya ajiye. Lalacewar igiya ba ta cika hawa da sauka da tsabta haka ba, takan bar adadin a tsakatsaki yana rawa, musamman bayan ruwan sama.

Ka yi hattara yayin awon, domin idan kira ya shigo a daidai lokacin wutar da ke kaɗa ƙararrawa takan kai wajen bolt 75 zuwa 90, kuma tana fizgar yatsa. Ka riƙe tsinkayen ta wajen robarsu, hannunka a bushe. Wanda ba ya son ɗawainiyar mita yana iya neman irin wayar da ke da ƴar fitila mai nuna cewa ana amfani da layi, domin aikin da fitilar ke yi shi ne wannan awon, ba dare ba rana.

Akwai gwaji mafi sauƙi wanda ba ya buƙatar kowace na'ura. Bayan ka rufe ofis ka koma gida, ka kira lambar girken da salularka a lokuta dabam-dabam cikin mako. Idan ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, haka ya kamata. Idan ta nuna ana kan magana alhali makullin ofis yana aljihunka, ko wani ya ɗauka ya yi shiru ya ajiye, ka rubuta lokacin daidai da minti. Idan kuwa kiran ya zarce zuwa wata lamba, to an kunna maka karkatar da kira ba da saninka ba, abin da mai shigowa ofis zai iya yi cikin daƙiƙa kaɗan daga kan teburinka. A injina masu bin tsarin Turai ana kashe shi ne da danna #21#, amma ya fi kyau ka je ofishin kamfani a duba maka duk ayyukan da ke kunne a kan lambarka, a kashe waɗanda ba ka nema ba.

Dole in faɗi iyakar waɗannan gwaje-gwaje, domin kada wani ya auna ya ga 48 ya saki jiki. Mita tana kama mai yin kira da layinka, amma na'urar saurare da aka ƙera da kyau ba ta jan wutar da za ta motsa adadin. Wannan sai ido, ko ma'aikacin kamfani mai na'urar da ke aika sigina cikin igiya ta nuna nisan inda aka yi mata reshe. Abin da kai za ka iya yi shi ne tantance ɓangaren da ke cikin gininka: ka cire igiyar gida daga ta kamfani a mashigarta, ka zare duk wayoyi da modam da faks, sa'an nan ka auna ko akwai abin da ya haɗa zaren biyu. Igiyar da ba komai a kanta bai kamata ta nuna haɗuwa ba. Ba a yin wannan awon sai an raba igiyar da wutar kamfani, in ba haka ba mitar za ta lalace. Idan gininka tsoho ne mai manyan soket irin na Faransa, za ka iya tarar da wani ɗan ƙaramin abu mai ƙafafu a cikin soket na farko. Kada ka firgita, na gwajin layi ne da ake sakawa tun lokacin haɗa wayar.

Haka kuma ba kowace ƙara ce shaidar sata ba, kuma na ga yadda zargi marar tushe ke ɓata zumuncin maƙwabta a kasuwa. Daga watan Mayu zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke shiga mahaɗan igiyoyi da ramukan da manyan igiyoyi ke bi, layi yakan yi ƙarar soye-soye, wani lokaci ma ka ji muryar wasu mutane can ƙasa-ƙasa, domin danshi ya sa layinka da na wani suna zubar wa juna sauti. Gurnani mai kauri wanda ba ya yankewa yawanci daga kusanci da igiyar lantarki yake zuwa, ko daga zare ɗaya da ya taɓa ƙasa. Alamun da suka cancanci zargi su ne waɗanda ke da lokaci da tsari: sautin ɗaga waya a tsakiyar hirarka tare da raguwar ƙarfin murya nan take, ƙararrawar da ke yin ƴar ƙara ɗaya da dare ba kira, ko intanet ɗin ADSL, wato mai zuwa ta igiyar tarho, da ke yankewa a sa'a guda kowace rana. Mai ADSL yana da ƙarin mai gadi a gidansa, domin shafin modam yana nuna adadin raunin sigina da tazarar hayaniya, kuma reshen da aka ɗaura wa igiya yakan canja waɗannan adadi. Ka rubuta su yau, ka kwatanta bayan wata.

Aiki na uku shi ne takardar kuɗi. Ka nemi kamfani ya riƙa ba ka mai cikakken bayani, wadda ke jera kowace lamba da aka kira da ranar da lokacin da tsawon kiran, maimakon wadda ke nuna jimilla kaɗai. Tun daga watan Nuwamba na 2014 lambobin Kamaru suka koma tara-tara, na girke suna farawa da 2, na salula da 6, kiran ƙasar waje kuma da 00, saboda haka da kallo ɗaya za ka rarrabe su. Ka fara da waɗanda suka fara da 00. Ɗan kasuwar Garwa da ke hulɗa da Yola da Mubi zai ga 234, mai hulɗa da Njamena zai ga 235, amma idan ya ga lambar wata ƙasa da bai san kowa a cikinta ba, an kira ta sau da yawa a jere cikin dare, ba sai an gaya masa ba. Sa'an nan ka ɗora takardar kusa da lokutan da ka rubuta a gwaje-gwajen baya. Idan daren da ka ji layi a cike shi ne daren da takarda ta nuna kira na minti arba'in, ka sami hujjar da za ka iya ajiyewa a gaban kowa.

Sai dai kafin ka ɗora laifi a kan baƙo, ka tuna da ɗan gari akan ci gari. A ganina mafi yawan kuɗin da ke zubewa ta wayar ofis daga ciki yake zubewa: mai kwana a shago, ma'aikacin da ke da makulli na biyu, ko ɗan uwan da aka bari ya kwana a ɗakin baya. Ɗan kwaɗon da ake sa wa tsohuwar waya ba ya hana komai, tunda ana iya zare ta a sa wata a soket ɗin. Maganin da ke aiki shi ne wanda aka yi a injin kamfani. Ka rubuta takarda ka nemi a rufe kiran ƙasar waje a kan layin gaba ɗaya idan ba ka buƙatarsa, ko a sa masa lambar sirri wadda sai an danna ta kiran zai fita. Wannan mataki ɗaya ya fi duk sauran amfani, domin yana aiki a kan na ciki da na waje baki ɗaya: ko an maƙala waya a igiyarka a bayan katanga, ba za ta buga abin da injin ya hana ba. A zamanin da kusan kowa ke kiran ƴan uwansa na waje ta WhatsApp, ban ga dalilin da zai sa kantin magani ya bar layinsa a buɗe zuwa duniya duka ba.

Otal-otal da asibitoci da manyan ofisoshi suna da wata matsalar da ta fi wannan girma, wato sitanda, injin nan da ke karɓar layi biyu ko huɗu daga kamfani ya rarraba su zuwa ɗakuna. A nan ne jikokin masu shuɗin akwati suka koma, kuma ba sa buƙatar zuwa Garwa domin su yi ɓarna. Yawancin waɗannan injina suna da wata ƙofa da aka tanada domin ma'aikacin da ke waje ya kira ofis, ya danna lambar sirri, ya sami layin fita da kuɗin ofis, wasu kuma akwatin ajiye saƙon muryarsu yana iya tura kira waje. Idan an bar lambar sirrin da injin ya zo da ita daga masana'anta, irin su sifili huɗu ko 1234, to ƙofar a buɗe take ga duk wanda ya gwada. Ɓarayin sukan yi hayar lambobi masu tsadar kira a wasu ƙasashe, waɗanda ake biyansu kaso a kan kowane minti, sai su sa injinka ya yi ta kiran lambobin nan. Sun fi son daren Jumu'a zuwa safiyar Litinin da ranakun hutun salla, lokacin da babu mai lura cewa dukkan fitilun layi suna kunne.

Abin da za ka yi shi ne ka kira wanda ya haɗa maka injin, ka zauna kusa da shi har a gama. A canja lambar sirrin mai kula da injin, ka riƙe ta da kanka a rubuce a wuri mai makulli. A kashe ƙofar shigowa daga waje idan babu mai amfani da ita, wanda a yawancin ofisoshinmu babu. A share akwatunan saƙo na ma'aikatan da suka bar aiki. A raba wayoyin ɗakuna aji-aji, ta yadda wayar ɗakin jira da ta kicin ba za su kira komai ba sai cikin gida, ta akanta ta kira cikin ƙasa, ta shugaba kaɗai ta fita waje, a kuma sa injin ya rufe kiran waje da kansa bayan an tashi aiki. Idan injin na zamani ne mai tafiya ta intanet, irin waɗanda ake ginawa a kan manhajar Asterisk, ka tambayi mai haɗawar kai tsaye ko ƙofa mai lamba 5060 tana buɗe ga duniya, domin akwai kwamfutocin da ba su da aiki sai zagaya intanet suna ƙwanƙwasa wannan ƙofa. In babu larura a rufe ta, in akwai a taƙaita ta ga adireshin kamfanin da ke ba ka layi, kuma kowace waya ta sami doguwar kalmar sirri wadda ba lambar ɗakinta ba. Ranar da ka rabu da mai kula da injin, ko da lafiya kuka rabu, a sake canja komai.

Wanda aka mayar da layinsa kan igiyar gilashi ya huta da yawancin abin da aka faɗa game da jan ƙarfe, tunda ba a maƙala kan waya a jikin zaren haske. Amma wayarsa yanzu daga ɗan akwatin da aka kafa masa a bango take samun wuta, saboda haka awon bolt yana nuna abin da ke tsakanin akwatin da wayoyin cikin gida ne kawai, kuma kalmar sirrin akwatin ita ce ta zama abin tsaro. Tsofaffin wayoyi marasa igiya kuwa, masu dogon eriya da ake ja, muryarsu a fili take tafiya cikin iska, rediyon da ya dace zai iya kama ta. Gara a maye gurbinsu da masu tsarin DECT, wato marasa igiya na zamani masu aika murya a tsarin dijital.

Ka kuma kula da masu zuwa da sunan gyara. Idan mutum ya zo da tsani da jakar kayan aiki ya ce daga kamfani yake, alhali ba ka kai ƙarar lalacewa ba, ka karɓe shi da mutunci, ka ce masa: "Malam, sannu da aiki, don Allah a nuna mini katin aiki da takardar da aka turo ku da ita." Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka gaya wa maigadi da yaran shago su ma su riƙa yin ta, su kuma kira ka kafin a buɗe wa kowa ɗakin da injin yake. Wannan ya shafi ɓarayin igiya ma, masu yanke jan ƙarfe su kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda sau da yawa da rana tsaka suke aikinsu sanye da rigar ma'aikata.

Idan ka gano reshe a igiyarka, kada ka tsinke shi cikin fushi, kada kuma ka bi shi zuwa gidan da ya shiga kai kaɗai. Ka ɗauki hoto daga kusa da daga nesa yadda za a gane wurin, ka kira mutum biyu su gani da idonsu, in kuɗin da ake magana a kai mai yawa ne ka ɗauko hushiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar gani da ido, ya rubuta abin da ya gani, domin takardarsa tana da nauyi a kotu. Daga nan ka rubuta wa ofishin kamfanin waya na Camtel da ke garinka takarda mai kwanan wata, ka haɗa da hotunan da takardar kuɗin da ka ja wa layi a ƙarƙashin kiraye-kirayen da ba naka ba, ka nemi a turo masu gwada layi, a kuma dakatar da neman wannan ɓangaren kuɗin har a gama bincike. Ka tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin da zai zauna a hannunka, domin ƙorafin baki ba ya barin sawu. Ka ci gaba da biyan ɓangaren da ka yarda naka ne, kada a yanke layin saboda bashi. Idan ba a warware ba, hukumar ART, wadda aka kafa a 1998 domin sa ido a kan kamfanonin sadarwa, tana karɓar ƙorafin masu amfani da waya. Ɓangaren laifi kuwa na ƴan sanda ne ko jandarma, kuma dokoki biyu na ranar 21 ga Disamba 2010, mai lamba 2010/012 kan tsaron intanet da laifukansa da mai lamba 2010/013 kan sadarwar lantarki, sun tanadi ɗauri da tara ga mai sauraren maganar mutane ba bisa ƙa'ida ba da mai amfani da hanyar sadarwa ta hanyar zamba. Samarin da ke sha'awar wannan fanni, kuma sha'awa ce mai kyau, su sayi tsofaffin wayoyi biyu da ƙaramin injin rarraba layi su yi gwajinsu a kan teburinsu, inda babu layin kowa.

Bayan an cire reshen, ka nemi a sauya igiyar daga falwaya zuwa gininka da sabuwa guda ɗaya marar mahaɗi a tsakani, a ɗaga ta sama inda hannu ba ya kaiwa, inda ta sauko jikin bango kuma a zura ta cikin bututun ƙarfe. Ka sa a cire duk soket ɗin da ba a amfani da shi daga tushensa, ka sake awon bolt da adadin modam ka rubuta sababbin, sa'an nan ka ci gaba da karɓar takardar kuɗi mai cikakken bayani aƙalla wata uku a jere, domin wanda ya saba da kira kyauta yakan dawo ya gwada ko an daina lura.